Kurakuran masu shirin karatun lauya a Amurka tun daga digirin farko

Kusan duk shekara sai wani ƙani ko ƙanwa sun kira ni a zangonsu na ƙarshe a jami'a: "Yaya, lauya nake son yi, ta ina zan fara?" Na gaji da maimaita amsa ɗaya, cewa farawar ta wuce tun shekara uku baya. A Amurka ba a shiga karatun lauya daga sakandare. Sai ka gama digirin farko, sannan ka nemi gurbin digirin lauya da ake kira JD, na shekara uku, kuma abin da ka yi tun daga aji ɗaya shi za a shimfiɗa a kan tebur.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne raina makin shekarar farko. Na faɗi wani kwas na lissafi saboda na daina zuwa aji ban cire sunana ba. Shekara ta zagayo na maimaita, na ci, jami'ata ta maye tsohon maki da sabo, na ɗauka magana ta mutu. Ashe hukumar LSAC, wadda takardun masu neman gurbi ke bi ta hannunta, tana sake lissafin maki da kanta, kuma muddin faɗuwar tana kan takardar sakamako sai ta ƙirga ta tare da maimaicin. Ranar da na buɗe rahotona na ga matsakaicin makina 3.48 a inda nake tsammanin 3.6, na daɗe ina kallon kwamfutar ban iya tashi ba. Wannan ɗan bambancin ya jefa ni ƙasa da matsakaicin makin makarantun da na sa a raina. Abin da ya fi zafi, LSAC ba ta sa makin da aka samu bayan digirin farko a wannan lissafin. Ko ka yi digiri na biyu ka fi kowa, bakin alƙalami ya bushe. Har kwasa-kwasan kwaleji da ka ɗauka kana sakandare suna ciki. In kwas ya gagare ka, je ofis ka janye kafin wa'adi ya cika. Ni yanzu duk wanda nake ja wa gora, ranar farko ta zango nake sa shi ya rubuta wannan wa'adin ya manna a bango.

Neman "fannin lauyoyi" a digirin farko ɓata lokaci ne, babu fannin da aka wajabta. Karanta wanda kake so, wanda zai sa ka yi karatu da rubutu sosai.

Sai LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauya, wadda makinta ke tsakanin 120 da 180. Haba ƙannena! Wa ya ce muku ana shiga "don a gwada"? Na yi wannan wautar, na shiga da shirin mako uku, makin ya zauna a tarihina makarantu suna gani. Sau biyar kawai aka yarda ka zauna cikin shekara biyar, sau bakwai a duk rayuwa. Gwaji a gida ake yi, da agogo, minti 35 ga kowane sashe. Ni littafi na keɓe, duk tambayar da na faɗi sai na rubuta dalilin da amsata ta zama kuskure, kuma ban sake biyan kuɗin jarrabawa ba sai da makina na gida ya tsaya a inda nake so sau biyar a jere. Ku kuma lura da tsofaffin littattafan da ake gadar muku: sashen wasannin dabaru an cire shi daga jarrabawar tun watan Agustan 2024.

Wasiƙar shaida daga malamai ma haka kuke yi da ita. Shekara huɗu kana zaune a bayan aji, malama ba ta san sunanka ba, sai a makon ƙarshe ka aika mata saƙo ta yabe ka. Me za ta rubuta? Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi malamai biyu tun aji biyu, ka riƙa zuwa ofishinsu da tambayar gaske, ka ajiye rubutun da suka yi maka gyara don ka tuna musu.

Ƙungiyoyi goma a takardar bayaninka ba su kai aiki ɗaya da ka riƙe shekara biyu ba. Tura takardu a makare ma asara ce, domin yawancin makarantu suna ba da gurbi da tallafin kuɗi ne yayin da takardu ke shigowa. Wanda ya tura a Oktoba ya riga na Fabrairu zaɓe.

A takardar neman gurbi akwai kuma tambayar ko an taɓa hukunta ka a makaranta ko a kotu. Kada ka ɓoye, ko da satar amsa ce a aji ɗaya. Hukumar da za ta ba ka lasisin lauya tana iya kwatanta abin da ka faɗa mata da abin da ka rubuta shekara uku baya, kuma ɓoyewar ta fi laifin kansa nauyi a wurinsu. Rubuta abin da ya faru a taƙaice, da kwanan wata, da hukuncin da aka yanke maka.