Yadda Ake Sarrafa Rediyo da Faifan CD a Mota

Da farko a murɗa makulli zuwa ACC, wato inda rediyo ke samun wuta ba tare da an tayar da inji ba, sannan a danna maɓallin kunnawa, wanda galibi shi ne ake murzawa domin ƙara sauti ko rage shi. A zaɓi zangon FM, a danna SEEK, wato maɓallin neman tasha, har rediyon ya kama tashar da ake so, sai a riƙe ɗaya daga cikin maɓallan lamba na daƙiƙa biyu ko uku domin adana ta.

Shi kuwa faifan CD, a zura shi a hankali, gefen rubutu yana sama, na'urar za ta ja shi da kanta. Idan yana tsalle, musamman lokacin ƙurar hunturu, a fitar da shi a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Kada a daɗe ana sauraro inji a kashe, domin batir zai yi sanyi.