Yadda Jagoran Wasa Zai Tsara Gaskiyar da ke Bayan Almarar Duniyarsa

Matasan Hausawa da ke haɗuwa a Jidda ko Makka daren Juma'a domin wasan taka rawa, wato wasan da mutum ɗaya yake ƙaga duniya yana ba da labari, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, ba sa daɗewa kafin ɗayansu ya tambayi jagora ko labarin da tsofaffin garin wasan suka bayar ya faru da gaske. Jagoran da bai shirya ba yakan faɗi abin da ya zo bakinsa, bayan 'yan makonni kuma a kama shi yana tufka da warwara.

Ya kamata jagora ya fara sanin hanyoyin da magabata suka bi. A duniyar Forgotten Realms da Ed Greenwood ya ƙaga, wadda ake bugawa da Dungeons & Dragons, wasan da ya fito a Amurka a 1974, halittun da almara ke ambata suna nan da gaske, har sukan sauko cikin mutane. Greg Stafford ya bi wata hanya dabam a Glorantha, duniyar wasan RuneQuest na 1978, inda kowace al'umma take da labarin asalinta, labaran suna cin karo da juna, amma kowanne yana aiki ga masu riƙe da shi. Keith Baker kuwa, a duniyarsa ta Eberron ta 2004, ya halaka ƙasar Cyre gaba ɗaya, sannan ya ƙi faɗin dalili, ya bar wa kowane jagora ya yanke nasa.

A ganina, wanda yake farawa ya yanke hukunci tun kafin zama na farko, ya rubuta abin da ya faru cikin layi biyar ko shida a littafinsa, kada ya nuna wa kowa. 'Yan wasa suna saurin gane duniyar da babu komai a bayanta, kuma da zarar sun gane sai su daina bincike, domin babu mai haƙa inda ya san ba a binne komai ba.

A ɗauki misalin wani kufai a tsakiyar hamada. Jagora ya rubuta cewa sarkin garin ya karkatar da ruwan kogi zuwa gonakinsa, rijiyoyi suka ƙafe, jama'a suka watse. Wannan ita ce gaskiyar da ba za ta canza ba. Daga nan sai ya ba kowane rukuni nasa labarin gwargwadon abin da labarin zai amfana masa. Jikokin sarkin za su ce iskoki ne suka shanye ruwan saboda hassada, makiyaya za su ce wata tsohuwa ce aka hana ta ruwa ta yi wa garin baki, maƙera kuma za su ce kakansu ya gargaɗi fada aka kore shi. Kowane labari ya ɗauki ɗan guntun gaskiya, misali dukkansu su yarda cewa ruwan ya ɗauke a shekarar da aka gina sabuwar ganuwa, domin irin wannan haɗuwar ce mai lura zai kama. Bahaushe bai baƙunci wannan yanayi ba, don rijiyar Kusugu tana nan a Daura ana zuwa ganinta, alhali masana tarihi suna da saɓani a kan Bayajidda kansa.

Bayan labarai sai alamu da jarumai za su iya taɓawa da hannu: tsohuwar madatsa da rairayi ya rufe, wasiƙar wani waziri, ko waƙar makoki da ta ambaci sunan kogin. Ga kowane mai ba da labari, jagora ya san daga wa ya ji, kuma me yake tsoron a sani, saboda 'yan wasa za su yi masa waɗannan tambayoyin.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Almarar wasa ta tsaya a kan iskoki, dodanni da sarakunan da aka ƙaga, kada a jawo abin da mutane suka yi imani da shi na addini a mayar da shi kayan wasa, kuma a faɗi wannan ƙa'ida a fili tun ranar farko.

Idan duniyar tana da tsafi, jagora ya yanke ko tsafin yana bin abin da ya faru ne ko abin da mutane suka gaskata. Idan makiyaya suka yi roƙo da sunan tsohuwar nan ruwa ya ɓuɓɓugo, to labarinsu ya samu ƙarfi a duniyar ko da tsohuwar ba ta taɓa rayuwa ba, kuma dole gobe roƙon ya sake aiki. Da zarar jagora ya saki alama ta farko, ba shi da damar sauya abin da ya rubuta, ko da 'yan wasa sun gano shi da wuri fiye da yadda ya so. Abin da zai yi a lokacin shi ne ya nuna musu yadda jikokin sarki za su karɓi wanda ya zo fada da wannan magana.