Kafin ku kai kwamfuta wajen mai gyara, ku duba agogonta

Jama'a, idan burauza ta fara ƙin buɗe shafuka tana cewa babu tsaro, ku fara duba kwanan wata da lokaci a kusurwar allo. Sau da yawa nan matsalar take.

Kowane shafi mai https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogonku ya koma shekarun baya, kwamfuta za ta ɗauka takardar ba ta fara aiki ba tukuna, sai ta toshe shafin.

A Windows, ku fara gyara lokacin da hannu ya kusa daidai. Sannan ku buɗe Command Prompt da ikon admin, ku rubuta w32tm /resync don kwamfutar ta karɓo daidai lokaci daga intanet. Kada ku tsallake gyaran hannun nan, don in tazarar ta yi yawa takan ƙi karɓar sabon lokacin. Ni ma sai da na sha wahala kafin na gane haka. A Linux kuwa, ku rubuta timedatectl set-ntp true a Terminal.

In har yanzu ta ƙi, wataƙila an rufe ƙofa ta 123 ta UDP, wadda NTP, wato tsarin daidaita agogon kwamfuta ta intanet, ke bi wajen karɓo lokaci. Ku gwada wata hanyar intanet.

In bambancin awa ɗaya ne cif, yankin lokaci ne ba daidai ba. NTP ba ya gyara wannan.

In kuma kullum kuka kashe ta kuka kunna sai lokacin ya sake rikicewa, ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu. A kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne, sai dai a canza shi.