Yadda ake yaƙar wuta-wuta tun daga ƙarƙashin ƙasa

Ranar da ka ga furen wuta-wuta a gonarka, ɓarna ta riga ta auku, domin kafin ta leƙo sama ta yi makonni tana tsotsar saiwar dawa, gero ko masara. Shi ya sa a cikin ƙasa ake tarar ta.

Da farko ka san abin da ke tashin ta. Idan ƙasa ta gaji, musamman ta rasa fosfaras da naitirojin, wato sinadaran da shuka ke ci, saiwar shuka takan ƙara fitar da wani sinadari da ake kira sitirigolakton. Kira ne take yi wa wasu fangas, wato ƙananan halittun cikin ƙasa masu siraran zare, waɗanda ke shiga saiwa su jawo mata abinci daga inda ba ta iya kaiwa. Masana a Japan ne suka gano haka a 2005. Abin takaicin shi ne, irin wuta-wuta da ke kwance shi ma yana jin kiran, sai ya tsiro ya manne.

To, ka ƙosar da ƙasar. Zuba takin dabbobi da ya ruɓe sosai kafin shuka, ka haɗa da ɗan takin zamani. Shukar da ta ƙoshi ba ta yawan kira, haka ma wadda fangas ɗin nan suka riga suka zauna a saiwarta. Don haka rage yawan kaftu mai zurfi, yana tsinka zarensu, kuma ka daina ƙone karan gona, abincin ƙasa ne kake ƙonewa.

Sai sauya shuka. Waken soya, gyaɗa da auduga suna sa irin wuta-wuta ya tsiro, amma bai samun wurin kamawa, sai ya mutu cikin kwanaki. A ganina wannan ya fi kowace dabara sauƙi. Tone waken soya ɗaya ka fasa ƙulu-ƙulun da ke saiwarsa: idan cikinsu ja-ja ne, bakteriyar da ke tara naitirojin tana aiki, wato ƙasar ma tana ƙoshi.

Inda ake samu, ana shafa wa irin hatsi wani nau'in fangas na Fusarium oxysporum da ke kashe wuta-wuta ba tare da ya taɓa hatsi ba.

Wadda ta fito kuwa, tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, ka fitar da ita daga gona ka ƙone. Tushe ɗaya na zubar da iri dubu goma-gomai, kuma irin kan jira fiye da shekara 10 a ƙasa. Ka wanke fartanya da garma kafin ka shiga wata gonar.