Babi na 7: Fayilolin Windows da suka ƙi goguwa bayan an dawo da kwamfuta daga ajiya

Kun dawo da kwamfutarku daga kwafin ajiya, ta kama aiki, sai kuka ga wuri ya cika. Da kuka duba, sai ga foldar Windows guda biyu, ga Program Files guda biyu. Kun danna Delete, ta ce sai kun samo izini daga TrustedInstaller. Kada hankalinku ya tashi, kwamfutar lafiyarta ƙalau. Windows ce ke kulle fayilolinta don kada a goge su bisa kuskure, kuma kwafin da kuka dawo da shi ya taho da makullinsa. TrustedInstaller ba mutum ba ne, sunan wani sashe ne na Windows wanda fayilolin suke a hannunsa. A hankali za mu bi, ba mai korar ku.

Darasi na 1: Wace folda ce mai aiki, wace ce kwafi?

Wannan darasi ya fi sauran duka muhimmanci. A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, kuma wanda ya goge folda mai aiki, kwamfutarsa ba za ta sake tashi ba.

Ku danna maɓallin Windows, wato mai hoton taga a layin ƙasa na madannai. Ku rubuta haruffa uku: cmd. Za ku ga Command Prompt ya fito. Ku ɗora linzami a kansa, ku danna ɓangaren dama na linzamin, ku zaɓi Run as administrator. Za a tambaye ku, ku danna Yes. Baƙin akwati zai buɗe. Ku dubi can samansa: dole ku ga kalmar Administrator. In babu, ku rufe ku sake. Sannan ku rubuta wannan, ku danna Enter:

echo %windir%

Alamar % tana kan lamba 5, sai kun riƙe Shift take fitowa. Kwamfuta za ta ba ku amsa a layi na gaba, yawanci C:\Windows. Wannan ita ce folda mai aiki. Ku ɗauko takarda da biro ku rubuta ta, ku sa mata babban gicciye, ku rubuta a gefe: BA A TAƁAWA.

Yanzu ku buɗe File Explorer, wato tagar da kuke ganin foldojinku a ciki, ku shiga foldar da kuke zargin kwafi ce. Ku danna dogon layin da ke sama, cikakken adireshinta zai bayyana. A wannan babi za mu ɗauka adireshin shi ne D:\Tsoho. Naku zai bambanta. Ku rubuta naku a ƙasan na farko. Ku kwatanta su harafi da harafi, da yatsa. Harafin farko C ne ko D? Bayan Windows akwai ƙarin wani abu, kamar .old? Suna iri ɗaya ba ya nufin wuri ɗaya, kama da wane ba ta wane. Adireshi ne kawai ke raba gardama.

Akwai kuma waɗanda suke kama da kwafi alhali ba kwafi ba ne. Program Files da Program Files (x86) a cikin C, duka biyun suna aiki. System32 da SysWOW64, duka biyun suna aiki. WinSxS tana da girma, cike take da sunaye masu maimaita juna, amma Windows na bukatarta. Duk abin da ke cikin C:\Windows, ku ƙyale shi.

Ku sake duba takardarku. In kun ga kun rikice, ba laifi, kowa da haka ya fara. Ku sake rubuta echo %windir% ku sake kwatantawa.

Darasi na 2: Ku kwashe kayanku tukuna

A cikin kwafin sau da yawa akwai folda mai suna Users, a cikinta kuma akwai sunanku. Ku shiga ku duba Documents, Pictures, Desktop da Downloads. Duk takarda ko hoton da kuke so, ku kwafe shi zuwa filashi. Bayan kun kwafa, ku buɗe guda biyu ko uku daga cikin filashin ku tabbatar suna buɗewa. Gogewar da za mu yi ba ta bi ta Recycle Bin. Abin da ya tafi ya tafi.

Darasi na 3: In sunan kwafin Windows.old ne

Wannan shi ne mai sauƙi, domin Windows da kanta take share shi. A Windows 10 da 11 takan goge shi bayan kwana 10 da sabuntawa, amma wani lokaci yakan maƙale. Ku danna maɓallin Windows, ku rubuta Disk Cleanup, ku danna Enter, ku zaɓi C. Ku danna Clean up system files. Ku jira, takan ɗan jima. A jerin da zai fito ku nemi Previous Windows installation, ku sa alama a ɗan akwatin da ke gefensa, ku danna OK, sannan Delete Files. Ku sani, bayan wannan ba za ku iya komawa tsohuwar Windows ba. In ta tafi, kun gama, ba ruwanku da darasi na 4.

Darasi na 4: Karɓar iko a kan foldar

Takardarku tana gabanku? Ku karanta adireshin kwafin da babbar murya. Ku karanta na mai gicciyen. Sun bambanta? To mu ci gaba.

Don guje wa kuskuren rubutu, ga dabara: ku riƙe Shift, ku danna dama a kan foldar kwafin, ku zaɓi Copy as path. A cikin baƙin akwati sai ku riƙe Ctrl ku danna V, adireshin ya sauka da alamominsa " " a gaba da baya. Alamomin nan dole ne in akwai tazara a cikin sunan folda.

A duk umarnin da ke tafe, ku sa adireshinku a madadin D:\Tsoho. Umarni na farko yana mayar da foldar hannun masu kula da kwamfutar:

takeown /F "D:\Tsoho" /R /A /D Y /SKIPSL

Ku lura da tazara kafin kowace alamar /. Kafin ku danna Enter, ku ɗora yatsa a kan adireshin, ku kwatanta da takarda. Rubutu zai yi ta gudu, yana iya ɗaukar mintuna da yawa saboda fayilolin dubbai ne. Kada ku rufe akwatin.

Umarni na biyu yana ba ku cikakken izini:

icacls "D:\Tsoho" /grant Administrators:F /T /C /L /Q

Kada ku tsallake /SKIPSL a na farko, ko /L a na biyu. A cikin tsohon kwafi akwai mahaɗai da ke nuni zuwa foldoji masu aiki, waɗannan haruffa ne ke hana umarnin bin su. Nan ma, yatsa a kan adireshi kafin Enter.

Yanzu kada ku goge tukuna. Ku sauya wa foldar suna, ku mai da Tsoho ya zama Goge, ku gyara sunan a takardarku ma. Ku kashe kwamfutar ku kunna, ku yi aiki da ita kwana ɗaya ko biyu. In wata manhaja ta ƙi buɗewa, ashe tana dogara da foldar, sai ku mayar da sunan. In komai lafiya, ku sake buɗe baƙin akwati da Run as administrator, ku rubuta:

rd /S /Q "D:\Goge"

Ku ɗaga hannu daga madannai. An faɗa, an maimaita, amma duk da haka akan samu mai danna Enter idonsa na kan waya. Wannan sakaci ne, ba rashin sani ba. Harafin Q yana nufin kwamfuta ba za ta tambaye ku ko kun tabbata ba. In kuka rubuta C a maimakon D, ko kuka sa tazara inda babu ita, za ta goge abin da kuka rubuta, ba ruwanta da abin da kuka nufa. Takardar da aka ce ku rubuta, ina take? Ku ɗauko ta. Harafin farko. Sunan folda. Alamomin gaba da baya. In akwai wani kusa, ya karanta muku. Sai ku danna Enter. In ta gama ba ta cewa komai, sabon layi kawai za ku gani.

Darasi na 5: In ta ce ana amfani da fayil ɗin

Wata manhaja ce ta riƙe shi. Ku riƙe Shift ku danna Restart. Ku bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ku danna lamba 4. Wannan shi ne Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman sassanta kawai. Ku sake umarnin rd a can, bayan kun duba adireshi. In har a can ma ta ƙi, ku koma darasi na 1, wataƙila folda mai aiki kuke taɓawa.

Darasi na 6: In ta ce suna ya yi tsawo

Adireshin ya wuce haruffa 260. Ku gajarta sunayen foldojin zuwa harafi ɗaya ɗaya, ku sake gwadawa.

Darasi na 7: Dubawa ta ƙarshe

A baƙin akwatin da kuka buɗe da Run as administrator ku rubuta sfc /scannow, wanda ke duba ko fayilolin Windows lafiya suke, ku jira ta kai 100%. Sai ku yi sabon kwafin ajiya.