Yadda Za Ka Ratsa Rairayi Da Keken Tudu

Kullum sai an tambaye ni yadda nake wuce rairayin bakin gulbin Rima, wajen Wamakko, a kan keken tudu, wato keke mai giya da kaurin taya, ban sauka ba. Ga yadda nake yi:

1. Rage iskar taya biyun, har ka iya ɗan lotsa su da babban yatsa.
2. Sauko zuwa giya mai sauƙi tun kana kan ƙasa mai tauri.
3. Shiga da ɗan gudu.
4. Ja jikinka baya a kan sirdi, don tayar gaba ta bi ta saman rairayi ba ta nutse ba.
5. Kafa ido can gaba, ba kan taya ba.
6. Ci gaba da taka feda, kar ka dakata.

Hattara: a nan ake yawan faɗuwa. Kada ka danne birkin gaba, kada ka murɗa kan keke da ƙarfi. Taya za ta nutse, kai kuma ka ci ƙasa. Ni ma na ci, a gaban yara masu kiwo.

7. Da ka fita, ƙara iska, in ba haka ba dutse zai tsinke maka tib.
8. Duba taya ko ta kwaso tsidau.
9. Goge sarƙa kafin ka sa mai.