Yadda ake sayen tsohuwar ƙaramar a-kori-kura ta Japan, a gyara ta ta jure zafin Maraɗi

Suzuki Carry da Daihatsu Hijet an ƙera su ne a kan dokar ƙananan motoci ta Japan: inji cc 550 har zuwa 1990, daga nan aka ɗaga shi zuwa 660, kaya kuma kilo 350. Buhu uku da rabi na gero ke nan. A riƙe wannan lissafi tun kafin a taya mota.

Wajen zaɓi, ka tsaya kan Carry ko Hijet kawai. Honda Acty da Subaru Sambar motoci ne masu kyau, amma injinsu na can baya, kayan gyaransu kuma sai an sha yawo. Na Carry da Hijet ko ba a samu a gari ba, ana aikawa Ƙofar Ruwa a Kano. Nemi Carry mai inji F6A, wato DC51T ko DD51T na 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990, ko Hijet S100P da S110P da suka fara fitowa a 1994. DD51T da S110P su ne masu jan ƙafa huɗu, su ne na rairayin hanyoyin ƙauye. Wadda ta fito Japan kai tsaye sitiyarinta na dama, wuce babbar mota a hanyar Ɗan Isa zai zame maka aiki. Mai son na hagu ya nemi Piaggio Porter, Hijet ce da aka riƙa haɗawa a Italiya tun 1992.

Kafin ciniki

Je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso. Injin da aka ɗumama maka yana ɓoye rabin ciwonsa. Ɗaga kujeru, inji na nan ƙarƙashinsu. Buɗe murfin man inji: in ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai. Buɗe murfin radiyeta tun tana sanyi, a tayar, ka zuba ido. Kumfa mai tasowa ba tsayawa na nufin jwan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. A cire buji ukun a auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce bar 1 tsakaninsu, a rage kuɗi ko a bar ta.

Sai ka shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma. A yankunan ƙanƙara na Japan ana zuba gishiri a titi, shi ke cin shasi, musamman inda lam ɗin baya, wato falle-fallen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, suka kama. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "dum", tsatsa na zubo maka a fuska. Kada ka kula da kilomita, da yawa cikinsu lamba biyar ce a agogon, in ta cika sai ta koma sifili. Lambar shasi ta yi daidai da ta kart giriz da takardar duwan, harafi da harafi.

Ruwa

Nan ne akasarin masu sabuwar saye ke kashe motarsu. Su yi fenti, su sa rediyo, watan Afrilu ya zo da zafin da ya haura digiri 40, allurar zafin inji ta hau ja sau ɗaya, kan inji na alminiyam ya lanƙwashe. Don haka kuɗin farko na ruwa ne.

A sauke radiyeta gaba ɗaya a kai wa mai wanki, wankin da ake yi tana jikin mota wasa ne. A canza famfon ruwa tare da bel ɗin tayimin rana ɗaya, tunda hanyarsu ɗaya, kuɗin aiki ɗaya. A Japan bel ɗin na kai kilomita 100,000, amma ba ka san yaushe aka sa wannan ba, in kuwa ya tsinke ana tafiya, sau da yawa fistan ya kan daki bawul. Matsa kowace robar ruwa da hannu. Wadda ta yi laushi kamar dafaffen dankali ko ta bushe ta tsattsage, a yar. Bi bututun ƙarfen da ke bin ƙarƙashi zuwa hita, suna yin ƙananan huji da ba a gani sai farin tabo a kewaye. Murfin radiyeta sabo, mai lambar da ke kan tsohon, yawanci bar 0.9. Shi ne mafi arha a duk aikin, shi ne kuma aka fi mantawa.

Kada ka yarda a cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa a inji har ya yi zafi kafin ya wuce radiyeta. Za a ce maka "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne." Ba haka ba ne. A yawancin waɗannan injuna masu kafireto, ruwan zafi ne ke buɗe cok, wato abin da ke ƙara wa inji esansi yana sanyi, da kansa. In ruwan bai kai zafinsa ba, mota ta yi ta shan esansi, buji su yi baƙi. A sa sabo mai digiri 82. In kuma kan inji ya taɓa yin zafi, a aza masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna. Ramin da ya wuce milimita 0.05 sai an kai an goge, in ba haka ba sabon jwan ɗin ma ba zai yi wata biyu ba.

Zuba ruwan shi ma aiki ne. Ruwan radiyeta na gaske, ba na rijiya ba, wanda ke barin ƙasa-ƙasa yana toshe ƙananan hanyoyi. Lita 5 za ta isa. Ɗaga gaban motar a kan tudu, murɗa hita zuwa zafi, zuba a hankali, a tayar murfi a buɗe. Jira har robar sama ta yi zafi, ruwa ya faɗa, ka ƙara. In injin na da ƙusar fitar da iska, a sassauta ta har ruwa ya fito ba kumfa. Washegari da safe a sake dubawa. Iskar da ta maƙale ce ke sa allura ta yi ta hawa da sauka, a ɗora wa radiyeta laifin da ba nata ba.

Sauran gyara

Kafireton na da tarin siraran robobin iska. Ɗauki hotonsu da waya kafin kowa ya taɓa, a canza su ɗaya bayan ɗaya. Mai shan esansin kwalba ya ƙara matatar esansi ta biyu, mai gani-ta-ciki, kafin famfo. Bidanj, wato canjin man inji, kusan lita 3 ne. Matatar iska a kaɗe ta duk mako lokacin hunturu. Birki a buɗe duka huɗu, a canza mansa.

Ƙari

Taya 145R12 mai 6PR, ta ɗaukar kaya, ba ta ƙaramar motar gida ba. Kafin ka sayi wasu ƙafafu, auna tazarar ƙusoshi, akwai milimita 100, akwai 110, akwai 114.3. Ɗaga mota kada ya wuce santimita 5, fiye da haka kardan ɗin gaba zai fara ƙas-ƙas a kwana, robarsa ta yage. Ƙarin lam ɗaya a baya ya isa. Yana hana ta durƙusawa, amma bai ƙara wa birki ko boris komai ba, buhu takwas na aya daga kasuwar ƙauye su ne ke karya aksil. Keji a yi shi da bututu mara nauyi, a ɗaure da ƙusa, kada a yi walda a jikin shasi. Ƙafa huɗu ta rairayi ce da laka, da ka hau kwalta ka cire. Fenti sai ta yi wata guda tana aiki allura ba ta wuce rabi ba.